Takardar Likita Tsakanin Kanti da Kanti: Tarihin Wata Doka a Amurka, 1914–2023

Ran 28 ga watan Agusta na shekarar 2023 wata ƙa'ida ta fara aiki a ƙasar Amurka, wadda a ido ba ta taka kara ta karya ba. Abin da ta ƙunsa shi ne, idan likita ya aika wa wani kantin magani takardar majiyyaci ta hanyar na'ura, maganin kuwa yana cikin waɗanda hukuma ta ƙayyade saboda tsoron a mai da su abin maye, sa'an nan aka tarar kantin ba shi da shi, to, an yarda kantin ya tura takardar zuwa wani kanti, sau ɗaya tak, in majiyyacin ya nemi haka. Duk wanda ya ji wannan zai tambaya, to, da can fa? Amsar ita ce, da can babu hanya. Ko da kantin da ke da maganin yana tsallaken titi, tilas majiyyaci ya koma neman likitansa, a soke takardar farko, a rubuta sabuwa.

Dalilin da ya sa ƙaramin abu irin wannan ya gagara har tsawon shekaru yana cikin wata tsohuwar gardama da masu haɗa magani suka daɗe suna yi tun ƙarni na 19, watau takardar da likita ya rubuta, ta wane ne? Majiyyaci yana cewa tasa ce, domin shi ya biya kuɗin ganin likita. Likita yana cewa umurninsa ne, ba a sarrafa shi sai da saninsa. Mai kanti kuma yana cewa, tun da shi ya ba da magani, dole ya riƙe ta, ita ce shaidarsa in wani abu ya taso. A shekarar 1914 mai da'awa na huɗu ya shigo, watau gwamnati, kuma da'awarsa ta danne ta sauran ukun.

Yadda takarda ta zama rasidi

A ƙarshen ƙarni na 19 mutumin Amurka yana iya shiga kanti ya sayi ofiyam, ko mofin, ko hodar iblis, kamar yadda zai sayi sabulu. Kamfanin Bayer na Jamus ya fito da hiroyin kasuwa a 1898 a matsayin maganin tari. Dokar abinci da magunguna ta 1906 ba ta hana sayar da ko ɗaya daga cikinsu ba, iyakarta ta tilasta a rubuta a jikin kwalba cewa akwai su a ciki.

Matsin ya zo ne daga waje. Amurka ta karɓi tsibiran Filifin daga hannun Sifen a 1898, ta gāji matsalar shan ofiyam da ke can, tana kuma neman shiga kasuwar Sin, inda cinikin ofiyam ya zama babban abin takaici. Saboda haka ita ta kira taron Shanghai na 1909, inda ƙasashe goma sha uku suka hallara, Bishop Charles Brent na Filifin ya shugabance shi. Daga nan aka je birnin Hague na ƙasar Holan, aka sa hannu a yarjejeniyar ofiyam ran 23 ga Janairu, 1912. Wannan yarjejeniya da waɗanda suka biyo bayanta su ne tushen dokokin ƙwayoyi a ƙasashe da yawa, har da dokar miyagun ƙwayoyi da Turawan mulki suka kafa a Nijeriya a 1935. Abin kunya ga Amurka a lokacin shi ne, ita da ta tara duniya tana wa'azi, ba ta da cikakkiyar dokar ƙasa a gidanta.

Amma fa akwai cikas. Bisa ga tsarin mulkin ƙasar, kula da aikin likita da na masu haɗa magani hakkin jihohi ne. Gwamnatin tarayya ba ta da ikon cewa likita ya rubuta wannan ko kada ya rubuta wancan. Ikon da ba mai musun tana da shi shi ne na karɓar haraji. Sai aka bi ta nan. Dokar da ɗan majalisa Francis Burton Harrison na New York ya gabatar, wadda Shugaba Woodrow Wilson ya sa wa hannu ran 17 ga Disamba, 1914, dokar haraji ce. Ta ce duk mai shigo da ofiyam ko ganyen koka da abubuwan da ake samu daga gare su, da mai sarrafawa, da mai sayarwa, da likitan da ke bayarwa, ya yi rajista a ofishin haraji, ya biya dala ɗaya a shekara. Ciniki tsakanin masu rajista sai da fom na musamman da gwamnati ke sayarwa. Mai kanti kuwa ba zai ba majiyyaci ba sai da rubutacciyar takardar likita mai rajista, ɗauke da sa hannunsa da kwanan watan da ya sa hannun, kuma tilas mai kantin ya adana takardar har shekara biyu, a inda jami'in gwamnati zai iya dubawa in ya zo.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafarin dukan labarin. Ma'aikacin baitulmali zai fi kowa saurin gane shi. Fom ɗin oda yana nuna abin da ya shigo kanti, takardun likitoci suna nuna abin da ya fita, abin da ke kan kanta kuwa shi ne saura. In lissafi bai haɗu ba, mai kanti ya shiga uku. Takardar da a da saƙo ce daga likita zuwa ga mai haɗa magani, yanzu ta zama rasidi a littafin lissafin gwamnati, rasidi kuwa ba ya barin ofishin da aka biya kuɗi. Ƙa'idojin Ma'aikatar Baitulmali suka ƙara da cewa ba a maimaita ba da magani a kan takarda ɗaya. Ke nan maganar tura ta zuwa wani kanti ba ta ma taso ba.

Ba a banza jami'ai suka riƙa zargin takardu ba. Shari'ar da Kotun Ƙoli ta yanke ran 3 ga Maris, 1919, ta wani likita mai suna Webb da wani mai kanti mai suna Goldbaum a birnin Memphis, ta nuna irin abin da ake gudu. Webb yana karɓar kwabo hamsin na dala a kan kowace takarda, kuma cikin wata goma sha ɗaya ya rubuta fiye da 4,000, Goldbaum yana ba da mofin a kansu. Kotu ta ce takardar da aka rubuta wa mashayi don kawai a biya masa ƙishirwarsa, ba don warkarwa ba, ba ta cancanci a kira ta takardar likita ba. Hukuncin ya yi daidai da laifin Webb, amma ya yi wa likitocin kirki illa, domin da yawansu suka guji masu fama da jarabar ƙwaya gaba ɗaya don tsoron kurkuku. Tun daga ranar mai kanti ya san cewa sa hannun likita kaɗai ba zai cece shi ba.

Cek ɗin da aka riga aka biya

Duk wannan ya shafi ofiyam da hodar iblis ne da danginsu. Sauran magunguna sun daɗe babu tsayayyen tsari a kansu. Ko bayan dokar 1938, wadda aka yi bayan wani ruwan magani mai guba ya kashe mutum fiye da ɗari a 1937, ba a fayyace sosai wane magani ne sai da takarda ba. Magungunan barci da ƙwayoyin amfetamin masu hana barci suka yawaita, ana ta maimaita su a kan tsofaffin takardu, wani lokaci shekara da shekaru. A ƙarshen shekarun 1940 hukumar kula da abinci da magunguna ta ɗauki matsayin cewa takardar likita kamar cek ɗin banki take, da zarar an biya shi ya mutu. Masu kantuna suka yi ca, domin maimaitawa babban rabo ne na cinikinsu.

Waɗanda suka raba gardamar 'yan majalisa biyu ne, dukansu masu haɗa magani: Carl Durham na Karolina ta Arewa, da Sanata Hubert Humphrey na Minnesota, wanda ya yi aiki a kantin mahaifinsa a Dakota ta Kudu, daga baya kuma ya zama mataimakin shugaban ƙasa. Gyaran dokar da suka kawo a 1951 ya raba magunguna gida biyu, na takarda da na saye kai tsaye. Ya halatta likita ya ba da umurni ta tarho, mai kanti ya rubuta nan take, ya kuma halatta maimaitawa in likita ya yarda. A 1965 aka sa wa magungunan barci da amfetamin iyaka: ba a maimaita su fiye da sau biyar, ba a kuma ba da su bayan wata shida daga ranar rubutawa.

Halatta maimaitawa shi ya haifar da matsalar turawa. Takardar da ake ba da magani sau ɗaya a kanta ta gama aikinta ran da aka kai ta kanti. Wadda ke da sauran maimaici huɗu kuwa tana da rai har watanni, mai ita kuma yana iya tashi daga gari, ko a canja masa wurin aiki, ko ya yi tafiya, ko ya ga kantin da ya fi araha. Hakkinsa yana nan, amma yana kulle cikin fayil ɗin kantin da ya baro.

Rukuni biyar

Ran 27 ga Oktoba, 1970, Shugaba Richard Nixon ya sa hannu a babbar dokar da ta tattara tsofaffin dokokin ƙwayoyi wuri ɗaya, ta fara aiki ran 1 ga Mayu, 1971. An daina fakewa da haraji, aka dogara ga ikon tarayya na kula da ciniki tsakanin jihohi. An kasa ƙwayoyi rukuni biyar bisa ga haɗarinsu da amfaninsu a asibiti. Rukuni na ɗaya su ne waɗanda doka ba ta yarda suna da amfanin magani ba, kamar hiroyin, ba a rubuta su sam. Na biyu su ne masu amfani amma masu tsananin kama mutum, irin su mofin da oksikodon, aka kuma mai da amfetamin cikinsu a 1971. A wannan rukuni ba a maimaitawa ko sau ɗaya. Na uku da na huɗu suka gāji iyakar nan ta sau biyar cikin wata shida, kuma a na huɗu ne Valium yake, haka ma tiramadol tun 2014. Na biyar su ne mafi sauƙi, kamar ruwan tari mai ɗan kodin kaɗan. A 1973 aka kafa hukumar DEA a ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a, ita ke ba kowane likita da kowane kanti lambar rajista, ita ke kuma yanke yawan abin da kamfanoni za su sarrafa na rukuni na ɗaya da na biyu kowace shekara.

Manufar tsarin ita ce kewaye, watau kowace ƙwaya a san hannun da ta fito da hannun da ta shiga, tun daga masana'anta har bakin majiyyaci. A irin wannan tsari abin da aka fi tsoro shi ne takarda ɗaya ta zama biyu. In kanti na farko ya faɗa wa na biyu abin da ke cikin takarda ta tarho, amma bai soke tasa ba, majiyyaci, ko ɓarawon da ya yi shigar majiyyaci, zai karɓa nan ya karɓa can, kowane kanti kuma lissafinsa ya fita daidai.

Sai a 1981 DEA ta buɗe ƙofa, ita ma 'yar ƙarama. Ta yarda a tura sauran maimaicin takardun rukuni na uku da na huɗu da na biyar daga kanti zuwa kanti, sau ɗaya, in dokar jiha ba ta hana ba. Sharuɗan sun cancanci a dube su, domin kowanne amsa ce ga wancan tsoro. Magana tilas ta kasance baki da baki tsakanin masu haɗa magani biyu masu lasisi, ba yaran kanti ba. Mai turawa ya rubuta a fuskar takardarsa cewa an soke ta, ya rubuta a bayanta sunan kantin da ya karɓa, da adireshinsa, da lambar rajistarsa, da sunan wanda ya yi magana da shi, da kwanan wata. Mai karɓa ya rubuta a tasa cewa turowa aka yi, ya rubuta ranar da likita ya ba da ita, da sau nawa aka yarda a maimaita, da sau nawa ya rage. Dukansu biyu su adana har shekara biyu. Takardar asali dai ba ta motsa daga fayil ba. Labarinta ne ya yi tafiya, ita kuwa aka kashe ta a inda take. Rukuni na biyu bai samu shiga ba, tun da ba shi da maimaicin da za a tura.

A 1997, bayan manyan kamfanoni masu ɗaruruwan rassa sun haɗa kwamfutocinsu, aka sassauta cewa kantunan da ke amfani da rumbun bayanai ɗaya, wanda kowane reshe ke ganin abin da ɗan'uwansa ya yi nan take, suna iya turawa a tsakaninsu har iyakar maimaicin da likita ya yarda. Hikimar a fili take, domin inda littafi ɗaya ne, takarda ba ta zama biyu. Sai dai sassaucin ya fi amfanar manyan kamfanoni, ya bar mai kanti guda da tsohon sharaɗinsa na sau ɗaya.

Abin da na'ura ta ƙwace

Akwai wani 'yanci da majiyyaci ke da shi a zamanin takarda wanda babu dokar da ta ba shi, domin ba a ma lura da shi ba. In ya miƙa takarda aka ce babu, sai ya karɓi abinsa ya sa a aljihu ya nufi kanti na gaba. Matuƙar ba a ba da magani a kanta ba, takarda a hannunsa take.

A 2010 DEA ta halatta rubuta ƙayyadaddun magunguna ta na'ura, daga kwamfutar likita kai tsaye zuwa ta kanti, bisa sharaɗin likita ya tabbatar da kansa da shaida iri biyu kafin ya sa hannu. Lokacin ya zo daidai da annobar magungunan kashe ciwo. Kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin a 1996, ya kuma amsa laifi a kotu a 2007 cewa ya yaudari likitoci game da haɗarinsa. Jabun takardu da satar littafin likita suka zama ruwan dare, na'ura kuwa tana toshe wannan kafa. Don haka abin da aka halatta ya zama wajibi. Jihar New York ta tilasta shi daga Maris na 2016, wasu jihohi suka bi sahu, a 2018 kuma majalisar tarayya ta wajabta shi ga magungunan da inshorar gwamnati ta tsofaffi ke biya. A tsakanin nan, a Oktoba na 2014, aka ɗaga magungunan da ke ɗauke da haidurokodon daga rukuni na uku zuwa na biyu. Suna cikin waɗanda aka fi rubutawa a ƙasar, saboda haka dare ɗaya ɗimbin majiyyata suka rasa maimaici, suka rasa turawa.

Matakan nan kowanne yana da hujjarsa, ba kuma mai hankalin da zai raina ta a ƙasar da mutum fiye da 100,000 suka mutu ta hanyar shan ƙwaya fiye da kima a shekarar 2021 kaɗai. Amma da aka haɗa su sai suka haifar da abin da ba wanda ya nufa. Majiyyaci ba shi da kome a hannu. Takardarsa tana cikin kwamfutar kantin da ya ambata wa likita, tun kafin ya san ko kantin yana da maganin. Ƙa'idar 1981 ta yi magana ne a kan maimaici, ba ta ce kome ba game da takardar da ba a taɓa ba da magani a kanta ba. Mai kanti da ya san cewa lasisinsa ne a kan layi ba zai yi abin da doka ta yi shiru a kansa ba. Sai ya ce wa majiyyaci ya kira likitansa, ko da yammacin Juma'a ne an tashi daga aiki. Wanda aka sallamo daga tiyata da mai ciwon daji su suka fi jin jiki. Wani abin mamaki kuma, tsarin ya jawo ainihin abin da ake gudu: likita yakan aika sabuwar takarda zuwa kanti na biyu ba tare da an soke ta farko ba, sai ga takardu biyu masu rai na magani ɗaya. Ita kanta DEA ta kawo wannan a cikin hujjojinta sa'ad da ta gabatar da shawarar gyara a Nuwamba na 2021.

Kafin a gama nazarin shawarar, a Oktoba na 2022, hukumar abinci da magunguna ta sanar da ƙarancin Adderall, watau haɗin amfetamin da ake ba yara da manya masu matsalar rashin natsuwa da kasa mai da hankali. Yana rukuni na biyu. Iyaye suka riƙa bin kantuna ɗaya bayan ɗaya ta waya, in sun dace da mai shi sai su koma layin likita, kafin sabuwar takarda ta iso wani ya riga su. Wata mai zuwa kuma a sake sabon zagaye.

Ran 27 ga Yuli, 2023, aka buga ƙa'idar ƙarshe, ta fara aiki bayan wata ɗaya. Ta shafi rukuni na biyu har zuwa na biyar. Ana tura takardar na'ura da ba a taɓa ba da magani a kanta ba daga kanti mai rajista zuwa wani mai rajista, sau ɗaya, bisa roƙon majiyyaci, kuma shi zai faɗi kantin da yake so. Tilas takardar ta tafi a siffarta ta na'ura, ba a mai da ita fas ko maganar tarho, ba a kuma taɓa ko harafi ɗaya na abin da likita ya rubuta. Masu haɗa magani biyu masu lasisi su za su yi aikin a tsakaninsu. In akwai maimaici a kanta, ya bi ta duka zuwa sabon kanti. Kowane ɓangare ya adana bayanin har shekara biyu, adadin da ya zo tun daga dokar Harrison. Wannan ne karo na farko da dokar tarayya ta bayyana a fili cewa takardar rukuni na biyu tana iya barin kantin da ta fara sauka bisa ga buƙatar mai ita.

Aiki da ita bai zo da sauƙi ba. Ƙa'idar ta ba da izini ne, ba ta tilasta wa kowane kanti ba, kuma ta jingina kome ga dokar jiha, jihohi hamsin kuwa kowace da hukumarta ta masu haɗa magani da nata sharuɗa. A watannin farko kantuna da yawa sun tarar manhajarsu ba ta iya miƙa takarda ga manhajar wani kamfani, don haka majiyyata suka ci gaba da jin amsar da suka saba ji. Umurnin da likita ya bayar ta tarho ko ta fas bai shiga cikin sassaucin ba. Wanda kuma aka tura masa takarda zuwa kanti na biyu, ya je ya tarar can ma maganin ya ƙare, damarsa ɗaya ta tafi, sai ya koma wurin likita a soke a sake rubutawa.